Zomon Wata a Jakar Mamá

Ranar Asabar tun da hantsi layin masu sayar da tsofaffin katunan hoto na tarawa yake cika. Ana ɗaure jan tamfol daga wannan turken wuta zuwa wancan, sai hasken da ke ratsowa ya mai da fuskar kowa kamar ta mai zazzaɓi, ya kuma ɓoye tabon da ke jikin kowane kati. 'Yan kasuwa suna son wannan hasken. Citlali kuwa ba ta yarda da shi ba. Tana da 'yar farar fitilarta da take kafawa a ƙarshen teburin wani tsoho mai sayar da kati, Don Fermín, da gilashin ƙara girman abu, da hantsaki mai bakin roba. A nan take zama, kai a sunkuye, har a tashi kasuwa.

Sauran ranakun mako tana aiki a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, tana gyaran taswirorin da asu da danshi suka ci. Abin da ta karanta a jami'a ke nan. Amma a layin masu kati aikinta ɗaya ne: a kawo mata kati, ta faɗi darajarsa. Takan karkata shi ƙarƙashin fitila ta nemi ƙarzuwa, ta duba kusurwowinsa ko sun dakushe, ta duba ko hoton ya zauna a tsakiya ko injin yanka ya ci gefe ɗaya. Wani lokaci har hanci take kai shi, don katin da ya daɗe a ɗakin girki ba ya iya ɓoye inda ya kwana. In ta gama ba ta ɗaga murya. Sai ta matsa kusa da kunnen Don Fermín ta faɗa masa, shi kuma ya buɗe maƙogwaro ya sanar wa layin duka.

"Licenciada ta ce bakwai cikin goma! Wanda bai yarda ba ya je ya yi nasa digirin!"

Haka suke kiranta, wato mai digiri, saboda karatunta, rabi girmamawa rabi tsokana. Ba ta damu ba. Tsarin ya yi mata daidai: ita ce ido, tsohon shi ne baki.

Kati ɗaya ne ba a taɓa ajiye mata na gaskensa a tebur ba, kuma shi take tunawa duk lokacin da ta kunna fitilar. Sunansa Zomon Wata.

Lokacin tana 'yar shekara tara, wani kamfanin biskit, wanda ya daɗe da rufewa yanzu, yana saka katunan dabbobin tatsuniya cikin fakitinsa. Kowane yaro a unguwa yana da damisa da maciji mai fuka-fuki sun fi a ƙirga. Amma Zomon Wata ba a taɓa saka shi a fakiti ba. An raba shi ne rana ɗaya tak, a wani bikin yara da kamfanin ya shirya a filin unguwa, kuma da sharaɗi: yaro ya kawo fankon fakiti hamsin, sannan ya hau dandamali ya yi rawar zomo a gaban jama'a.

Citlali ce ta tara fankon. Ta ci biskit har ta tsane shi, ta tsinci wasu a bakin makaranta, ta wanke su ta shanya a igiyar Mamá. Ranar bikin ta tsaya a gindin matakala da ƙunshinta a ƙirji. Mai lasifika ya miƙo mata hannu, ta ɗaga kai ta ga idanun mutane, sai ƙafafunta suka ƙi. Ƙanwarta Berenice, wadda ko fanko ɗaya ba ta tsinta ba, ta fizge ƙunshin ta haye. Ta ɗora hannuwa a ka kamar kunnuwa, ta yi tsalle, ta juya wa jama'a baya ta kaɗa ƙugu, fili ya kaure da tafi. Ta sauko da katin azurfa a hannu, yana walƙiya.

A hanyar gida Mamá ta ce, "Wadda ta yi rawa ita ke da shi. Ke ma da kin hau da naki ne."

Citlali ba ta yi kuka ba, ba ta kuma taɓa roƙon a ba ta ta riƙe ba. Bayan 'yan kwanaki katin ya ɓace daga gidan, ta ɗauka Berenice ce ta ɓoye shi. Shekara ashirin ba ta tambaya ba.

Kwanan nan labari ya zo layin cewa an sayar da wani Zomon Wata a ƙasar waje, mai lanƙwasasshiyar kusurwa ma, a kuɗin da zai sayi mota. Tun daga nan kowa ya tuna cewa kawunsa ko maƙwabcinsa ya taɓa mallakar ɗaya. An kawo wa Citlali na jabu da yawa, wasu tawadarsu ko bushewa ba ta gama yi ba.

Tana cikin duba wata damisa mai tabon miya ta ji layin ya canza sauti. Ba sai ta ɗaga kai ba. Duk inda maza suka fara gyara tsayuwa suna dariyar da ba dalili, Berenice ta iso.

"Ina aka ɓoye mini yayata? Don Fermín, har yanzu kana nan kana cutar yara?"

"'Yata! Shigo, shigo. Wa ya ga gimbiya a kasuwar tsummoki!"

Berenice mai gyaran gashi ce, kuma kullum kanta shi ne tallarta. Yau gashin ja ne kamar tamfol. Tana riƙe da dafaffiyar masara a tsinke, an shafe ta da cuku da barkono, man yana bin yatsunta har kan dogayen faratan da ta yi wa ado. Citlali ta janye akwatin gilashi daga kusa da ita.

"Kun gani? Ko sannu babu, kayanta take karewa," in ji Berenice. Ta sunkuyo ta sumbaci kumatunta. "Manita, 'yar'uwata, kin rame. Takarda kike ci ne?"

"Me ya kawo ki?"

"Arziki." Ta miƙa wa Pelón masarar ya riƙe mata. Pelón shi ne mai teburin da ke kusa, kansa ba gashi ko ɗaya, kuma bai taɓa riƙe wa kowa komai ba sai yau. Berenice ta goge hannu a wandonta ta zuge jaka. "Wata mai zuwa gyaran kai ce ta nuna mini labarin wani katin zomo a waya. Na ce, kai, ai wannan zomon na san shi! Ni ce na yi masa rawa!"

Abin da ta fito da shi ba kati ba ne, 'yar jakar kuɗi ce ta fata, baƙa, gefunanta sun koɗe. Citlali ta san ta kamar yadda ta san tafin hannunta. Jakar Mamá ce. Tun da Mamá ta rasu bara ba ta sake ganinta ba. Berenice ce ke gefen gado a asibiti, ita aka miƙa wa kayan.

"A nan na same shi," in ji Berenice. "Cikin aljihun zif, tsakanin hotunan waliyyanta. Ashe duk shekarun nan yana wurinta. Ga Budurwa Maryamu, ga Waliyyi Yahuda, ga zomona a tsakiya kamar shi ma ana roƙonsa."

Mutane suka yi dariya. Ban da Citlali. Ta san aljihun. Ba kuɗi Mamá take sakawa a ciki ba, sai abin da take taɓawa in za ta hau mota, ko in ta ji ƙasa ta fara girgiza. Citlali ta ba Mamá hotonta na ranar gama jami'a, an saka a firam an rataye a falo, inda baƙi za su gani. A jaka kuwa, kusa da jiki, rawar Berenice aka ajiye.

"Ba komai a ciki sai su?" Citlali ta tambaya a hankali.

"Sai tikitin mota da ƙullin gashi. Me kike nema?"

"Ba komai."

Kafin nan layin ya taru. Wasu sun bar teburansu ba mai tsaro. Berenice ta zaro katin da farata biyu, ta ɗaga shi sama kamar yadda ta ɗaga shi a kan dandamali, ta juya hagu ta juya dama. Sai Pelón ya dafe ƙoƙon kansa.

"Wayyo! An kashe shi!"

Katin yana cikin leda mai kauri, irin wadda ake liƙe katin shaida da ita. Ledar ta yi rawaya, ta dushe, duk ta ƙarje. Da ƙyar ake hango zomon a ciki, kamar fuska a bayan taga mai hazo.

"An liƙe shi," in ji Don Fermín, muryarsa ta faɗi kamar mai gaisuwar mutuwa, ya ambaci sunan Mamá. "Haba Doña Chayo, Allah ya ji ƙanki. Wa ya aike ki?"

"Mene ne?" in ji Berenice. "Ai adana shi ta yi. Ko ruwa bai taɓa shi ba."

"'Yata, injin shagon takardu da zafi yake liƙewa. Gam ɗin yana narkewa ya kama fuskar katin. In kika ɓare ledar, da hoton za ta taho. In kika bar ta, ba mai saye. Iyayenmu mata sun kashe kati a ƙasar nan fiye da ambaliya da ɓeraye."

"Tawa uwar har takardar haihuwata ta liƙe," in ji wani daga baya, "ofis suka ce ba su san ni ba!"

"Kai ko ba a liƙe ba ba mai son saninka," in ji Pelón. Ya juyo ga Berenice. "Gimbiya, zan ba ki kuɗin wainar taco biyu, don dai in rataye shi a madubin motata."

"Motar da ba ka da ita?" in ji Berenice.

Aka sake fashewa da dariya, har da ita. Citlali tana kallon fuskar ƙanwarta, tana jiran ta ga ta karye. Wani daɗi mara kyau ya fara tsirgo mata a ciki. Shekara ashirin, ashe gawa ake ɗauke da ita a jaka. Amma Berenice ta ɗage kafaɗa kawai, ta karɓi masararta ta gatsa.

"To a bar ƙwararriya ta faɗa. Licenciada, duba mana gawar nan, a ba mu takardar binnewa."

Ta jefa shi a kan tebur. Ya zame ya tsaya a gaban fitilar.

Citlali ta sa safar hannu. Ta gyara fitila. Wannan ne karo na farko da ta taɓa shi. Ta ɗauke shi ta gefe, kuma saboda sabo, ta ɗan buga ƙasansa a kan tebur kamar yadda take daidaita kowane kati.

Zomon ya motsa.

Motsin bai fi kaurin gashi ba, amma ta gani. Katin ya zame a cikin ledar. Abin da gam ya kama ba ya zamewa.

Ta sunkuya da gilashinta, ta bi gefen ledar. Injin shago yana barin gefe sumul, ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan ba haka yake ba. Liƙin yana da 'yan tabo masu tsini, ɗaya bayan ɗaya, kamar sawun tsuntsu, sun zagaye katin ba su hau kansa ba. Ta san wannan sawun. Hancin dutsen guga ne.

Guga ita ce sana'ar Mamá. Rigunan mutane take karɓowa, ta yini a tsaye a bayan gida. Ba ta taɓa kai waliyyanta shagon takardu ba. Takan sayo ledar, ta shimfiɗa ƙyalle a kai, ta bi gefe da hancin dutsen a hankali, harshenta a tsakanin haƙora. Citlali ta taɓa tambayarta me ya sa ba ta goge tsakiyar ya kwanta. Mamá ta dube ta kamar ta yi saɓo. "A ɗora wa waliyyi wuta a fuska?"

Ta karkata fitilar ta leƙa ta wani ɗan wuri da ledar ba ta dushe ba. Kusurwar katin tana nan da kaifinta. Azurfar ba ta da ko ɗigo. Duk ƙarzuwar da ake gani a jikin ledar take, a waje. Shekara ashirin yana kwance tsakanin waliyyai biyu, ba iska, ba yatsa, ba rana. Ba ta taɓa ganin katin wancan zamanin da ya kai shi lafiya ba, kuma ta san da wuya wani ya taɓa gani.

"Yaya dai?" in ji Don Fermín, ya kawo kunnensa kamar kullum.

Citlali ta dubi kunnen, da farin gashin da ya tsiro a cikinsa. Kalma uku za ta faɗa, shi ya yi sauran. Layin zai ɗauki Berenice a ka. Za a ce mai sa'a, 'yar gatan uwarta, wadda ko kuskuren tsohuwa arziki yake zame mata. Za ta sake saukowa daga dandamali da azurfa a hannu, Citlali kuma tana gindin matakala, wannan karon da gilashi a ido.

Ta kau da kai daga kunnen, ta ajiye gilashin.

"Shirun Licenciada ya fi hukuncin alƙali," in ji Pelón. "A kira masu makara."

"Shi ke nan," in ji Berenice. "Da ma ban saba da arziki ba, kada ya zo ya ba ni ciwon kai." Ta lashe barkono daga yatsa. "Manita, riƙe shi. Ai ke kika ci biskit ɗin. Kullum kina kallonsa kamar kare a bakin mahauta, kin ɗauka ban lura ba?"

Mutane suka ce, "Ayya, 'yar kirki." Wata mata har ta dafa ƙirji.

Wannan ya fi komai ƙona Citlali. Abin da ta kwana da shi a rai tun tana yarinya, an miƙo mata shi kamar ragowar abinci, kuma mai miƙowar ce aka yaba. Berenice ba ta taɓa rasa wani abu ya dame ta ba. Saurayi ya tafi, ta rina gashi. Aiki ya ƙare, ta yi liyafa. Ba ta san yadda ake tsayawa ana kallon abu a hannun wani ba. Citlali ta ji ba katin take so ba yanzu. So take, ko sau ɗaya, ta ga wannan kallon a fuskar ƙanwarta.

"Kin ba ni?" ta ce.

"Na ba ki."

"Kyauta? Ba za ki dawo ki ce aro ba ne?"

"Ke, wace irin magana ce wannan? Don Fermín, kai ne shaida. Pelón, kai ma, in ana karɓar shaidar mai sanƙo. Na ba yayata mushen zomo, halak malak."

"Mun ji!" in ji layin.

Citlali ta miƙe tsaye. Ba wanda ya taɓa ganin ta tsaya a bayan teburin nan da rana. Don Fermín ya sake kawo kunne, ta ɗan ture kafaɗarsa.

"Ba inji ne ya liƙe shi ba," ta ce.

Muryar ta fito siririya, ta bayan ba su ji ba. Aka ce, "Me ta ce?" Idanu suka juyo kanta gaba ɗaya, irin idanun filin biki. Ta dafa tebur, ta maimaita da ƙarfi, har ita kanta ta tsorata da sautin.

"Ba inji ba ne! Dutsen guga ne. Gefe kawai aka liƙe. Katin yana yawo a ciki."

"Kai, Licenciada," in ji Pelón, "yau kuma da giya kika karya?"

Ba ta kula shi ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗauko rezar da take yanka takarda da ita. Wannan aikinta ne na kullum. Ta bi sawun dutsen gugar ta waje, ta yanke gefen sama a tsanake. Ledar ta buɗe baki. Ta zura hantsakin ta jawo.

Zomon Wata ya fito ƙarƙashin farar fitila. Yana zaune cikin da'irar azurfa, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a karye, yana riƙe da tulu. Hasken ya bugi azurfar ya watsu a ƙasan tamfol. Sai ƙamshin tsohuwar tawada ya tashi, da wani ɗan ƙamshin biskit mai vanila, wanda ya mai da Citlali kamar tana shekara tara.

Don Fermín ya yi alamar gicciye. Pelón ya buɗe baki bai rufe ba.

"Nawa?" wani ya tambaya da raɗa. "Cikin goma?"

Ta duba gaba, ta duba baya, ta duba kusurwa huɗu, duk da ta riga ta sani. "Tara da rabi. Hoton ya ɗan karkata hagu, daga injin kamfani ne."

"To wanda aka sayar a waje nawa ne?"

"Bai wuce biyar cikin goma ba."

"Mota ke nan!" in ji Pelón.

"Wace mota," in ji Don Fermín. "Ka ce ɗaki da falo."

Layin ya rikice. Wayoyi suka tashi sama, ana ture juna. Citlali ba ta kallon kowa sai mutum ɗaya.

Berenice ta daina tauna. Masarar tana rataye a hannunta. Idanunta suna kan katin, leɓenta na ƙasa ya ɗan shige ciki. Ga shi nan. Citlali ta san kallon daga ciki, yau ta gan shi daga waje. Ta jira daɗin ya zo. Ya zo, amma ɗan kaɗan ne, bai kai yadda ta auna shi ba duk shekarun nan.

"Kin sani," in ji Berenice a hankali, yadda su biyu kawai za su ji. "Tun kafin ki tambaye ni kin sani."

"Na sani."

Berenice ta dube ta. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ashe kina da haƙora, manita." Ta share bakinta da bayan hannu. "Na ba ki. Ba na lashe abin da na tofar."

Citlali ta so Berenice ta yi faɗa. Ta so ta yi ihu, ta ce a raba, ta kira ta munafuka, ko ta fashe da kuka a gaban mutane. Ta shirya wa duk wannan. Ba ta shirya wa wani saurayi mai waya ba, wanda ya kutso ya tsaya a gaban Berenice.

"Ke ce kika samo shi da hannunki? A bikin? Don Allah ba mu labari!"

"Ni ce mana."

"Wai da gaske sai an yi rawa?"

"Rawa? Ɗan'uwa, riƙe mini masarar nan."

Kafin a ce haka an ja teburin Pelón gefe, an buɗe fili. Berenice ta ɗora hannuwa a kan jan gashinta kamar kunnuwa, ta yi tsalle da dogon takalminta, ta juya baya ta kaɗa ƙugu. Layin ya kaure da tafi da fito. Masu sayar da taco daga bakin titi suka leƙo. Ta ba da labarin mai lasifika, da yadda takalminta ya cire, da yayarta da ta ci biskit har ta yi amai a kan rigar wani lauya da aka kawo wa Mamá guga. Aka yi dariya har da hawaye. Wasu suka waiwayo suka dubi Citlali da fara'a, suka sake juyawa.

Ita kuwa ta saka katin a cikin sabuwar riga ta roba mai tauri, ta rufe, ta ajiye a akwatin gilashi ta murɗa makulli. Don Fermín yana ta yi mata magana a kan wani mai saye da ya sani a birnin Monterrey, da yadda ba za a yi gaggawa ba. Tana gyaɗa kai. Zomon yana kallonta ta cikin gilashi, tsaf, ba tabo, kamar bai taɓa sanin kowa ba.

Da rawar ta ƙare Berenice ta dawo tana haki, tana fifita da hannu. Ta tattara waliyyan Mamá daga kan tebur ta mayar da su aljihun zif. Sai ta tsaya. A gefen farin ƙyallen, inda Citlali ta ture ta, tsohuwar ledar tana kwance, rawaya, bakinta a yanke. Berenice ta ɗauke ta. Ta bi gefen da babban yatsa, a kan sawun dutsen guga, tabo bayan tabo. A tsakiyar ledar akwai wani wuri da ya fi ko'ina dushewa, ya ɗan lotsa, daidai faɗin yatsa. Nan Mamá take taɓawa in za ta hau mota.

"Wannan dai ba ta da daraja ko, Licenciada?"

Citlali ta matso da kai. Ta dubi lotsawar. Da gilashinta a ido ta bi gefen ledar kaf, amma ba ta ga wannan ba sai yanzu.

"Ba ta da," ta ce.

"Madalla." Berenice ta zura ledar tsakanin waliyyan biyu, inda take da, ta ja zif. Ta sumbaci kumatun yayarta, ta bar mata ɗan jan barkono a wurin. "Gobe ki zo cin abinci. Ke za ki sayo nama, tunda kin zama attajira."

Ta bi cikin layin tana amsa gaisuwa hagu da dama. Wani ya ajiye wa Citlali maciji mai fuka-fuki a gaban fitila, yana tambaya ko nasa ma na dutsen guga ne. Ta ɗauki gilashinta, amma ba ta sunkuya ba. Idonta yana kan 'yar baƙar jakar da ke leƙowa daga jakar Berenice, yana bin ta har ta sha kwana a wajen masu taco.